Sa wa Ƙaramar Bindiga Rigar Roba: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Rigar robar da ake zura wa mariƙin ƙaramar bindiga ba ta da kusa, ba ta da noti, ba a kuma sa mata gam. Matsewar robar ce kaɗai ke riƙe ta a wurinta. Kusan duk matsalar da ake samu da ita daga nan take tasowa: ko dai an yi wani abu da ya kashe matsewar, ko kuma an bar rigar ta hau kan wani sashe na bindigar da ya kamata ya riƙa motsi.

A Amurka aka fi yin wannan kaya, can kuma kasuwarsa ta fi ci. Sunayen da aka fi sani su ne HandALL na kamfanin Hogue, wanda aka kafa a 1968, da Tactical Grip Glove na Pachmayr. Rigar ta samu karɓuwa ne bayan yaɗuwar bindigogi masu gangar jikin filastik irin su Glock 17 da ta fito a 1982, domin mariƙinsu haɗe yake da jiki, babu faifan gefe da za a kwance a canza kamar na tsofaffin bindigogin ƙarfe. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin waɗanda aka haramta riƙewa sai da lasisi na musamman, don haka yawancin masu riƙe su bisa doka jami'an tsaro ne. Jami'in da aka ba bindigar aiki kada ya ƙara mata komai, ko da roba ce, sai da izinin mai kula da ma'ajiyar makamai.

Fara aiki ba a sauke bindiga ba

Zura rigar aiki ne na kokawa. Hannu biyu na ja, ana matse bindigar tsakanin gwiwoyi ko a kan tebur, yatsu na zamewa, bakinta na juyawa ko'ina. A irin wannan hali ne yatsa ke faɗawa kan kunama. A fara cire gidan harsashi, sannan a ja silaid (sashen saman bindiga mai zamewa gaba da baya) zuwa baya a kulle shi, a duba makwancin harsashi da ido, a kuma taɓa da yatsa. Jerin yana da muhimmanci: wanda ya ja silaid kafin ya cire gidan harsashi ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗora wani. A kai harsasai wani ɗaki. Mafi kyau ma a cire silaid ɗin gaba ɗaya a yi aiki da gangar jikin kawai. Ta fi sauƙin riƙewa, kuma ba ta iya harbi.

Sayen wadda ba girmanta ba

Wannan kuskure ba ya gyaruwa da dabara. Riguna iri biyu ne a kasuwa: ta gama-gari, mai zuwa babba ko ƙarama, da wadda aka zuba musamman don samfurin bindiga guda. Mutane kan ɗauki ta gama-gari babba su sa wa siririyar bindiga mai jerin harsashi ɗaya, ta shige ba wahala, su yi murna. Shigar nan cikin sauƙi ita ce alamar ba ta yi ba. Rigar da ta dace sai an sha wuya kafin ta hau. Wadda ta shige salin-alin za ta riƙa juyawa a hannu da zarar gumi ya taɓa ta. Idan kuma aka tilasta ƙarama a kan mariƙi mai kauri, robar takan yi siriri a kusurwoyi, ta yi fari-fari, bayan ɗan lokaci ta tsage daga gefen sama.

Sunan kamfanin bindiga kaɗai bai isa ba wajen saye, sai an san zubinta. Glock na zubi na 3 da na 4 suna da gurabun yatsu a gaban mariƙi. Zubi na 5 da ya fito a 2017 ba shi da su, ga shi bakin gidan harsashinsa ya ɗan buɗe. Rigar da ke da nata gurabun yatsu, idan aka ɗora ta a kan mariƙin da shi ma yana da su kuma ba su yi daidai da juna ba, tudu kan hau kan tudu, yatsu su rasa wurin zama. Bindigogin da ake canza musu faifan bayan mariƙi, kamar Glock daga zubi na 4 da M&P na Smith & Wesson, sai a zaɓi faifan tun kafin a sa riga, galibi mafi ƙanƙanta, tunda robar za ta ƙara kauri. Bayan an sa ta, ta rufe faifan ke nan.

Sanyi, zafi da abin sulɓi

Roba mai sanyi ba ta miƙewa, tsagewa take yi. A jiƙa rigar a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 60, wato wanda hannu zai iya shiga ya fito da sauri, na minti uku zuwa biyar. Na'urar busar da gashi ma tana yi, a riƙa jujjuya rigar minti ɗaya ko biyu har ta yi laushi. Abin da ba a yi shi ne tafasa ta a tukunya, ko kai ta kusa da wutar gas, ko sa ta a rana a kan kwano har ta yi taushin ƙosai. Zafin da ya wuce kima yana sa robar ta miƙe ta ƙi komawa yadda take, kuma rigar da ta saki ta saki ke nan. Da an tsamo ta a fara aiki, domin cikin minti biyu take hucewa.

Sai batun abin sulɓi, inda aka fi yin ɓarna. Ganin rigar ta ƙi hawa, sai mutum ya kai hannu ga abin da ke kusa: man bindiga, WD-40, basilin, har man girki. Rigar za ta hau kuwa, amma man ba ya bushewa. Yana nan tsakanin roba da mariƙi, duk harbi sai rigar ta ɗan gusa. Ban da haka, mai na dangin fetur yana shiga jikin roba iri-iri ya kumbura ta, ta yi danƙo. Abin da ake so shi ne mai sulɓi na ɗan lokaci wanda zai bi iska: sifirit na goge fata, ko ruwan goge gilashi, ko ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke a rabin kofin ruwa. Sifirit ya fi, don yana bushewa da wuri kuma ba ya barin komai. Sabulu in ya yi yawa yakan bushe a ciki, ranar da gumi ko ruwan sama ya shiga ya farfaɗo, rigar ta koma zamewa.

Idan an riga an sa da mai, ba sai an jefar da rigar ba. A cire ta, a wanke ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulu sau biyu, a ɗauraye sosai, a goge mariƙin da sifirit har ƙyallen ya daina ɗauko maiƙo, a bar su su bushe, a sake sawa. In robar ta riga ta kumbura ko tana manne wa yatsa, sai dai sabuwa. Ko da ba a taɓa sa mai ba, mariƙin da aka daɗe ana riƙewa yana ɗauke da maiƙon hannu, don haka gogewar nan da sifirit wajibi ce kafin kowace sawa.

Ja da ƙarfi daga gefe guda

Ana zura rigar ne daga gindin mariƙi zuwa sama. A fara tabbatar da ina ne samanta, ina ne gabanta. Gurabun yatsu gaba suke kallo, kuma sau da yawa sai an gama wahala ake lura an sa ta a kife. A maƙala bakinta a kusurwar baya ta gindin mariƙi, a miƙa shi da manyan yatsu biyu ya haye kusurwar gaba. Daga nan kaɗan-kaɗan ake tafiya, kamar yadda mai faci ke zaunar da taya a kan wili: a tura dama rabin santimita, a tura hagu, a tura gaba, a tura baya. Turawa daga ƙasa da tafin hannu ta fi ja daga sama, domin leɓen sama shi ne mafi siriri, nan ne kuma tsaga ke farawa.

Filaya da sukundireba ba su da wuri a wannan aiki. Filaya na cizon robar ta bar rauni, sukundireba na huda ta ya kuma karce jikin bindigar. In dole sai an sa wani abu, a yi amfani da bayan ƙaramin cokalin roba. Mariƙi mai kaushi sosai, irin na M&P M2.0, yakan kama cikin rigar ya hana ta tafiya. A naɗa masa siririyar leda, a zura rigar a kanta, sannan a zare ledar ta ƙasa. Idan an ɗaura wa bindigar ƙarin baki mai faɗi a ƙofar gidan harsashi, a kwance shi tukuna. Ƙaramar tsaga a gefe ba ta tsayawa inda take. A yanke ta da almakashi a zagaye wurin ya zama lanƙwasa, ko a canza rigar.

Rufe abin da ya kamata ya motsa

Ban da fara aiki da harsashi a ciki, duk sauran kurakuran asarar kuɗi ce. Wannan kuwa yana iya hana bindiga aiki ko ya cire mata kariya. Wurare huɗu ake dubawa.

Na farko maɓallin sakin gidan harsashi, wanda ke bayan zoben kunama. Rigar da ta hau sama da yawa takan rufe shi ya ƙi dannuwa, ko ta riƙa danna shi kaɗan, gidan harsashi ya suɓuce ana cikin harbi. A duba ɓangarorin biyu, domin maɓallin yana leƙowa ta ɗaya gefen idan an danna shi, kuma roba a can tana tare shi. A bar tazarar milimita biyu zuwa uku. Bindigogi irin su HK USP da Walther P99 ba maɓalli gare su ba, ɗan harshe ne a gindin zoben kunama da ake dannawa ƙasa, shi ma yana son fili.

Na biyu makullin kariya na bayan mariƙi, wanda ke jikin bindigogi samfurin 1911 da Springfield XD. An yi shi ne don bindigar ta ƙi tashi sai tafin hannu ya matse shi. Rigar gama-gari da ta bi ta kansa tana matse shi dare da rana, wato ta kashe shi, mai bindigar kuma bai sani ba. Irin waɗannan sai rigar da aka yi dominsu mai barin makullin a buɗe. A kan 1911 ma canza faifan gefe ya fi dacewa da sa riga.

Na uku gindin mariƙi. Robar da ta zarce ƙasa ko da milimita ɗaya tana shiga tsakanin gindin gidan harsashi da jikin bindiga, gidan ya ƙi kullewa, ko ya ƙi faɗowa da kansa. Bindigar Makarov da ire-irenta, waɗanda masakin gidan harsashinsu a gindi yake, sun fi shiga wannan matsala. Na huɗu sandar da ke tsayar da silaid, da hanyar da silaid ɗin ke bi idan ya dawo baya. Rigar mai dogon leɓe a baya kada ta taɓa shi.

Gyaran duka yanka ne, amma ba a kan bindiga ba, kuma ba a ranar farko ba. A sa rigar, a bar ta kwana guda ta zauna, a ja layi da alƙalami inda za a rage, a cire ta, a yanka da almakashi mai kaifi a tafi ɗaya ba tare da ƙananan cizo ba. A rage ƙasa da abin da ake zato, tunda ana iya ƙara yankewa daga baya. Reza a kan jikin filastik tana barin zane da ba ya gogewa.

Ɗauka cewa an gama da ta hau

Sifirit na bushewa cikin sa'o'i kaɗan, ruwan sabulu kuwa sai a ba shi awa 24. Wanda ya kai bindiga filin harbi da rigar da cikinta ke jiƙe zai dawo da ita a karkace. Bayan ta bushe, a mayar da silaid, bindiga babu harsashi, a gwada: gidan harsashi marar komai ya shiga ya yi ƙas, ya faɗo da kansa idan an danna maɓalli, silaid ya tsaya a baya idan an ja shi a kan gidan da ba komai. Mai makullin baya, a ja kunama ba tare da an matse makullin ba, bakin bindiga na kallon wuri mai aminci. Dole kunamar ta ƙi tafiya. A kuma gwada ta a kube, domin wasu kubban na kama gefen robar su tura ta ƙasa.

Kauri ma yana canza riƙo. Idan gaɓar farko ta yatsa ba ta ƙara kaiwa tsakiyar kunama sai an karkata hannu, rigar ta yi wa hannun yawa, kuma harbi zai riƙa kaucewa gefe. Mai ƙaramin hannu sau da yawa ya fi amfana da siririn faifan da ake liƙawa, irin na Talon, wanda ba ya ƙara kauri sosai. A ɗiga alama a jikin bindigar daidai bakin rigar, a harba harsashi kamar 50, a duba ko ta gusa. In ta gusa, a cire a sake wankewa, a liƙa zirin tef mai gam fuska biyu a gefe da gefen mariƙi. Sufa gulu ba ya cikin magani: yana ƙandare robar, yana ɓata filastik, kuma rigar ba za ta ciru ba sai da wuƙa.

A bindiga mai jikin ƙarfe, gumi na taruwa a ƙarƙashin roba ya ci ƙarfen da nocin faifan gefe ba a gani ba, musamman da damina ko ga mai ɗaukar ta a jiki kullum. A riƙa cire rigar duk bayan wata biyu ko uku, a goge tsatsa in ta fara, a shafa mai kaɗan a ƙarfen a goge shi tas, a bar wurin ya bushe kafin a mayar. Lokacin wanke bindiga a kiyaye robar daga tina, fetur, kananzir da maganin sauro na shafawa. Ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori sun ishe ta. Rigar da ta fara tsattsagewa a kusurwa, ko take juyawa da ƙarfin babban yatsa kaɗai, a cire ta a sa sabuwa.