Kurakuran da masu ciwon ɓarin kai suka fi yi game da abin da ke tayar da shi

Da yawa daga masu zuwa asibiti da ciwon kai na ɓari guda sukan iso sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko taifod. Alhali ciwon da ke sara a gefe ɗaya na kai, tare da tashin zuciya da ƙin haske da hayaniya, wanda kan ɗauki awa 4 zuwa 72 kafin ya lafa, maganin zazzaɓi ba zai hana shi dawowa ba. Abin da ya kamata shi ne a yi gwajin jini tukuna, sannan a bayyana wa likita yadda ciwon ke zuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora wa abu ɗaya laifi. Mace za ta ce turaren wutar gidan biki ne ya kwantar da ita, amma idan aka bi diddigi sai a tarar ba ta kwanta ba sai ƙarfe biyu na dare, ta fita ba ta karya ba, ta sha rana, ga kuma al'adarta ta gabato. Turaren ya zo ne a kan gaɓa, domin abubuwan taruwa suke yi har su fi ƙarfin kai. Maganin wannan shi ne a ware ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, da lokacin barci, da abin da aka ci, da kwanakin al'ada, na tsawon wata biyu ko uku, a kai wa likita.

Masu cin goro da masu shan shayi ko kofi kullum sukan bari farat ɗaya idan azumi ya kama, sai kai ya sara tun ranar farko. Gara a fara ragewa sannu a hankali tun cikin Sha'aban, kuma kada a tsallake sahur ko a yi ƙwauron ruwa bayan buɗa baki. Ramuwar barci a ranar hutu ma tana tayar da ciwon kamar yadda ƙarancinsa ke yi.

Wanda ya fi damuna shi ne yawan zuwa kemis. Mutum yana ajiye farasitamol a aljihu, da ya ji alamar ciwo sai ya haɗiya, bai san cewa maganin da kansa kan koma sanadin ciwon kai ba. Shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 idan maganin na haɗi ne (wato magani biyu ko fiye a ƙwaya ɗaya) ko irin su tiramadol da kodin, har sama da wata uku, yana iya mayar da ciwon na kusan kullum. Wanda ya kai wannan matsayi ya nemi likita ya duba ko yana bukatar maganin rigakafi, kada ya ƙara yawan ƙwayoyin.

Macen da ke ganin walƙiya ko layuka masu ƙyalli kafin ciwon ya sauko, lallai ta faɗa kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin, saboda haɗuwar biyun tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ciwon kai kuwa da ya faɗo nan take da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko karkacewar baki, a garzaya asibiti a wannan sa'ar.