Yadda ake cin gasasshiyar kaza a Japan ba tare da an yi kitso da ƙwarƙwata ba

Yakitori shi ne tsiren Japanawa: ana yanka kaza ƙanana, a soke a tsinken gora, a gasa a kan garwashi. Wanda ya saba da tukubar mai tsire zai ga kamar ya zo gida, amma akwai abubuwan da ya kamata baƙo, musamman Musulmi, ya sani kafin ya zauna.

Fara da zaɓen shago. A Tokiyo, lungun Omoide Yokocho na Shinjuku da ƙarƙashin layin dogo na Yurakucho cike suke da 'yan shaguna masu kujeru kaɗan. Yawancinsu mashaya ne, kuma kazar ba lallai ba ne yankan Musulmi ce. Mai son kwanciyar hankali ya nemi shagon da ya manna takardar shaidar halal, ko ya tambayi jama'a a masallacin Tokyo Camii, ko masu kantunan halal na Shin-Okubo.

Na biyu, tabbatar kaza ce. Sunan na yaudara: a Muroran ta tsibirin Hokkaido da Higashimatsuyama ta Saitama, abin da ake kira yakitori naman alade ne. A Fukuoka ma butabara, wato naman cikin alade mai kitse, na cikin tsiren da aka fi saye, kuma a waya ɗaya ake gasa su da kazar. Riƙe alamomi biyu: 鶏 kaza, 豚 alade. In ka ga yakiton a allo, wato tsiren alade, wuce.

Da ka zauna za a miƙo maka jiƙaƙƙen tawul na goge hannu da ɗan ƙwano na abin taɓawa da ba ka nema ba. Sunansa otoshi, kuma ba kyauta ba ne. Kuɗin kujera ne, galibi yen (kuɗin Japan) 300 zuwa 500 kan kowane mutum. Kada a yi musu a kai lokacin biya.

Sai babbar tambayar da za a yi maka: shio ko tare? Shio gishiri ne kawai. Tare kuwa romo ne mai zaƙi da ake haɗawa da ruwan waken soya, sukari, mirin da sake, kuma biyun na ƙarshe giyar shinkafa ce. Ana tsoma tsire iri-iri a tukunyar romo ɗaya tsawon dare. Don haka ce "shio de". A ganina ma gishirin ya fi fito da ɗanɗanon hayaƙi. Wasu masu gashin dai sukan fesa sake a kan naman ko da na gishiri ne, to a ƙara da "osake nashi de", wato ban da giya.

Wajen oda, ka nemi tsinke uku ko huɗu, ka ci da zafinsu, sannan ka ƙara. In ka jero goma lokaci guda, rabinsu za su huce, kitsen ya daskare. Momo cinya ce, ita ce mafi sauƙi ga baƙo. Negima cinya ce da albasa mai lawashi. Kawa fata, sunagimo ƙundu, reba hanta, tebasaki fiffike. Tsukune curin niƙaƙƙen nama ne, yana da daɗi, sai dai ba ka ganin abin da aka cuɗa a ciki, kuma wasu na ƙara alade don maiƙo. Babu yajin ƙuli a nan. Shichimi ne ke kan teburi, barkono mai haɗin kayan ƙamshi bakwai, kuma zafinsa wasa ne ga bakin da ya saba da attaruhu.

Inda matafiya suka fi shan wuya shi ne ɗanyen nama. Sasami, tsokar ƙirji, ana yawan kawo ta waje a gashe ciki ja, haka ma hanta. Torisashi kuwa ɗanyar kaza ce zalla, sananniya a Kagoshima da Miyazaki. Ƙwayar cutar kamfilobakta na zama a jikin kaza komai sabuntarta, kuma gudawa da zazzaɓin sai bayan kwana 2 zuwa 5 suke bayyana, wataƙila kana cikin jirgin komawa. Ce "yoku yaite kudasai", wato a gasa sosai. In ka gutsura ka ga ja, mayar.

Karaage, soyayyar kaza, sau da yawa da giyar sake ake jiƙa ta, kuma man suyar na iya zama wanda aka soya alade a ciki. Oyakodon, kaza da ƙwai kan shinkafa, da mirin ake dafa shi. Waɗannan biyun a bar su sai a shagon halal.

Ana cin tsiren daga tsinke kai tsaye, a jefa tsinken a ɗan kofin da ke gabanka. In ka gama ka ce "okaikei onegaishimasu", wato a kawo lissafin kuɗi. Riƙe tsabar kuɗi, don ƙananan shaguna da dama ba sa karɓar kati, kuma kada ka bar tukuici a teburi: ma'aikaci zai iya biyo ka da shi har bakin titi.