GT3 ko Turbo S? Shawarata ga mai son Porsche 911 a Gombe

Salamu alaikum 'yan uwa. Alhaji, ranka ya daɗe, ka tambayi wadda za ka ɗauka cikin biyun nan. Ni dai Turbo S nake ba ka shawara.

GT3 motar filin tsere ce da aka sa wa lambar hawa titi. Injinta lita 4.0 ne, babu turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), yana juyawa har sau 9,000 a minti, kuma ƙafafun baya kaɗai ke ja. Ƙararta akwai daɗi, wallahi, ga ta da giyar hannu ga mai so. Amma tana da tauri, ta kwanta ƙasa sosai. Duk wani rami tsakanin Gombe da Bauchi sai ka ji shi a ƙugunka.

Turbo S ƙirar 2020 kuwa ƙarfin doki 650 gare ta, ƙafa huɗu ke ja, daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.7. Duk da haka ta fi laushi a hanya, kuma da damina ta fi riƙe kwalta.

Kowacce ka zaɓa, kada ka biya kuɗi sai ka tabbatar tana da na'urar ɗaga gaba, in ba haka ba tudun rage gudu na farko zai cinye maka bamba. Ka nemi gidan mai da ka amince da shi, domin injinan nan ba sa jure gurɓataccen fetur. Da hunturu a riƙa duba matatar iska saboda ƙura.

Sannan ka san makanikinka tun kafin motar ta iso, don babban gyara sai Legas.