Yadda ake cin abinci da sandar kurket a Ingila

Shekara tara ke nan ina zama a 'yar rumfar rubuta maki ta wani kulob ɗin kurket a yankin Bradford, kowace Asabar daga Afrilu zuwa Satumba. Daga wannan kujera na ga yara da yawa masu burin zama ƙwararrun masu bugu, wato masu dukan ƙwallo da sanda don tara maki, amma biyu kacal na ga sun sa hannu a kwantiragi. 'Yan'uwa iyayen yara sukan tare ni bayan Juma'a su ce, "Malam, ta ina ake bi?" To ga abin da na gani.

A kai yaro kulob ɗin unguwa tun yana ɗan shekara takwas ko tara, domin kulob ne zai tura sunansa gwaji a gunduma. Gundumomi 18 ne ke buga gasar County Championship, kowace tana da rukunonin yara bisa shekaru, sai makarantar horo, sai ƙungiya ta biyu, sannan ta farko. Uba ya shirya aljihunsa da tankin motarsa: hular kwano, safar hannu, makarin ƙwauri, ga tafiye-tafiye a tsakiyar mako.

Inda zan daɗe shi ne koyon barin ƙwallo ta wuce ba tare da an buge ta ba. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya yi kuskure, nan da minti ɗaya wata damar ta zo. Mai bugu kuwa, da zarar gefen sanda ya ɗan shafi ƙwallo abokin hamayya da ke tsaye a bayansa ya cafke, shi ke nan an fitar da shi, sai ya kwance ɗamara ya zauna kallon wasu, wataƙila har gobe. Wasan kwana huɗu ne, amma sau biyu kawai zai shiga. A watan Afrilu ga sanyi, ga hadari, ga ciyawa ɗanya, jar ƙwallon kamfanin Dukes tana karkacewa a iska kamar mai aljanu. Dole yaro ya san inda sanduna ukun da aka kafa a bayansa, waɗanda yake karewa kada ƙwallo ta buge su, suke ko da ido rufe. Duk wadda ba za ta taɓa su ba, ya ɗaga hannu sama ta wuce. Ya haƙura har ƙyallinta ya dusashe, masu jifa su fara haki, sannan ya ci kasuwarsa.

Akwai wani yaronmu da in yana atisaye cikin raga sai kowa ya tsaya kallo, don har bayan katanga yake aika ƙwallo. Ranar da mai farautar 'yan wasa na gunduma ya zo da kofin shayinsa, a jifa na uku yaron ya kai wa wata ƙwallo ta can waje sara, aka cafke. Na rubuta masa sifiri, wanda a nan suke kira agwagwa. Bai isa ɗakin sauya kaya ba ya yi wurgi da safar hannunsa. Mutumin bai rubuta komai ba lokacin da aka fitar da shi, sai da safar ta faɗi ƙasa na ga ya ciro biro.

In an samu shiga, lissafi ne ke magana. Maki 1,000 a kaka guda shi ne abin da ake yi wa mai bugu kirari da shi, kuma wanda ke tashi da kusan 40 a kowace shiga ba ya fargabar kujerarsa. Kuɗi kuwa yanzu sun fi yawa a gajerun wasanni na farar ƙwallo, T20 da aka fara a 2003 da The Hundred da ta zo a 2021. Ya koyi dukan nan ma, ban hana ba. Ni dai a ganina wanda ya iya tsaro zai koyi duka daga baya, amma mai duka da wuya ya koyi haƙuri. Yaran ba su yarda da ni ba.

Lokacin hunturu kada ya kwanta. Da yawa suna tafiya Ostareliya su buga wa ƙananan kulob daga Oktoba zuwa Maris. Kwantiragin matashi shekara ɗaya ne ko biyu, kuma ƙarshen kaka ake kiran mutum ofis a ce an gode. Saboda haka ya riƙe karatu ko wata sana'a. Ƙungiyar 'yan wasa ta PCA, wadda aka kafa a 1967, tana taimakawa da kwasa-kwasai.

Kada kuma a ɗaura wa yaro cewa sai ya sa rigar Ingila. James Hildreth ya tara wa gundumar Somerset maki sama da 17,000 a manyan wasanni har ya yi ritaya a 2022, ba a taɓa sa shi a babbar tawagar ƙasa ba. Mark Ramprakash ya ci maki ɗari a shiga guda har sau 114, amma biyu ne kawai a wasanni 52 na kwana biyar da ya buga wa Ingila.

A saya masa ƙaramin littafi. Duk ranar da aka fitar da shi ya rubuta wane irin jifa ne, a ƙwallo ta nawa, kuma ina ƙafarsa ta gaba take. In ya ƙi, ya zo rumfata, nawa littafin yana nan.