Matakan sauya bizar iyali zuwa ta aiki a Birtaniya

'Yar'uwa, idan kin bi maigida Ingila daga Kaduna kuma kina son takardunki su tsaya da ƙafarsu, ga yadda ake yi.

1. Ki fara samun aiki a kamfani ko asibitin da gwamnatin Birtaniya ta ba lasisin ɗaukar baƙi aiki. Ana wallafa sunayensu a intanet, ki duba da idonki. Duk dillalin da ya ce ki biya shi ya sayar miki da takardar aiki, ki guje shi.

2. Su ba ki lambar takardar ɗaukar nauyi, wato shaidar cewa su ne suka ɗauke ki aiki. Wata 3 gare ki ki yi amfani da ita.

3. Ki tanadi fasfo da shaidar iya Turanci.

4. Ki cike fom ta intanet, ki biya kuɗi, tun bizarki ta yanzu ba ta ƙare ba.

5. Sai jira, yawanci mako 8. Nan ake tafka kuskure: kada ki taho gida kafin amsa ta fito, ko da bikin autarku ake yi a Tudun Wada, don da kin fita za a ɗauka kin janye buƙatarki. Ki aika kuɗin anko, ki kalli kamu ta waya.