In alƙali ya ce a aje kuɗɗi kahin a saki ɗan'uwanka, ga yadda za ka yi

Wani maƙwabcinmu nan unguwar Zariya ta Maraɗi ya tare ni da maganar ƙanenai da ke gidan kaso, wai an ce sai sun kawo jikka ɗari ukku kahin a yi mishi sakin talala, shi kuma yana ta rantsuwa cin hanci ne tunda can Katsina ya ga an rubuta jikin bangon 'yan sanda cewa beli kyauta ne. To wancan na caji ofis ne, ko a Najeriyar dokar shari'ar laihuka ta 2015 ta ba kotu damar cewa a aje kuɗɗi. Nan Nijar ma haka, alƙali na da ikon gindaya wanga sharaɗi, shi ne ake ce ma kosiyon.

Abu na farko, ka tambayi wa ya hwaɗi. In mutum na komisariya ko jandarmari, tsarewar bincike ce, awa 48, purokira, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, na iya ƙara wasu 48, babu maganar kosiyon a nan. Duk wanda ya ja ka bayan mota ya ce kawo a gyara, aljihunshi yake ma aiki. Sai dosiye ya isa jastis, sannan a rubuta takardar neman sakin talala zuwa ga alƙali mai bincike, shi wanda ake tuhumar ko lauyanshi. Alƙali ya ji ta bakin purokira, ya yanke, yana iya saki ba ko dala, yana iya cewa da kuɗɗi, yana iya ƙi gaba ɗai. In ya ƙi ana ɗaukaka ƙara.

Ga wurin da mutane ke yin asara. Kuɗɗin nan ajiya ne, kuma kashi biyu ne. Kashi guda jingina ce cewa mutumin zai zo duk ranar da aka kira shi, ɗayan kuma an tanade shi don kuɗɗin shari'a, tara, da diyyar wanda aka cuta in laifi ya tabbata. Saboda haka ka nemi ganin takardar hukuncin da idonka, in ba ka jin faransanci ka taho da yaro ɗan lakwal ya karanta maka nawa aka sa kowane kashi. Ka tambayi girefiye, wato magatakardan kotu, inda ake zubawa, ka biya can, ka amshi rasit mai hatimi, ka yi hotokofi biyu, guda ka ba uwargida ta ɓoye, don mu maza mun iya ɓadda takarda wallahi.

Bayan ya hito kuma sai ku zama 'yan gadinshi. Zai ba da adireshin inda za a riƙa kai mishi sammaci, kar ya ce zai leƙa Jibiya sayen kaya ranar da ake nemanshi, hwashi guda babu hujja kashin farko na iya tahiya, shi kuma a maida shi kaso. In an wanke shi kuma bai taɓa ƙin zuwa ba, ku koma da rasit ku nemi abinku duka.

Wanda ba ya da ƙarfin lauya ya tambayi biron ANAJJ a babbar kotun Maraɗi, aikinsu kenan taimakon talaka kan shari'a.