Yadda ake raya sana'ar tabarma ta gado

Kakata ce ta fara, a tsakar gida, da damin kaba da ake kawo mata daga wajajen Mayahi, inda Gulbin Kaba ya ratsa. Baba ke kai saƙarta kasuwar Maradi ran Litinin da Juma'a. Yau ni da ƙannena biyu ke riƙe da shagon, ga tabarma, ga darduma, ga kafet.

Abu na farko, kada hannu ya bar kaba. Ko kai ne mai lissafi, sai ka iya zaɓenta. Nemi sabon ganyen goriba wanda bai gama buɗewa ba, ka shanya shi, ka tsage shi daidai wa daida. Kafin saƙa a yayyafa masa ruwa ya yi laushi, in ba haka ba karyewa zai yi ta yi. Jan rini kuwa, ban ga kamar na karan dafi ba. Ana saƙa dogon layi mai faɗin tafin hannu, daga baya a harhaɗa, kuma a wurin haɗin nan ake gane gwani. Kaka takan ɗaga tabarma ta kalli rana, in haske ya ɓullo ta ce, "Ɗan nan, warware ta." Na sha kuka a kan haka ina yaro, amma har gobe da wannan idon nake juya bayan kafet in ga cikar saƙarsa.

Sai kuɗi, kuma nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa. Raba aljihun shago da na cefane. Kowa a yanka masa albashinsa, har mai gidan. Wata shekara mun yi bikin aure da jari, watanni muna kallon shago wayam. Daga nan muka sayi littafi: ko jaka ɗaya aka ɗauka, a rubuta.

In za ka ƙaro kaya, bi a hankali. Tabarmar roba ta Kano takan shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, amma duk wanda ya ga rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019, da wadda ta biyo baya a 2023, ya san hanya ɗaya ba abin dogaro ba ce. A lokacin masu saƙar ƙauye ne suka riƙe mu. Ka biya su a kan lokaci. Darduma kuma a tanade ta tun azumi bai kama ba.

Magaji, a nuna shi tun mai gida na da ƙarfinsa. Dubi kamfanin Oriental Weavers na Masar: Muhammad Farid Khamis ya kafa shi a 1979, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu saƙa kafet da inji a duniya. Da ya rasu a 2020, ɗiyarsa Yasmin ce ta karɓi ragama, don ta daɗe tana aiki a ciki. Mu ma Baba ya tara mu a zaure, gaban Kawu, ya miƙa mini mabuɗi ya ce, "Kai ne babba, amma littafin yana hannun ƙanwarka."

Yanzu ɗana na fari, in ya taso daga lakol, wurin Inna yake zama yana tsagar kaba. Bai taɓa kuɗin shago ba tukuna.